Aura Uku a Bakin Yaranmu: Ta Gida, Ta Littafi da Ta Waya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya sanya bambancin harsunanmu cikin ayoyinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da ya jawo wannan rubutu wani ɗan abu ne da ya faru a makarantarmu ta yamma. Malam yana biya wa yara Ahalari, an kai ga sharuɗɗan salla, sai ya ce daga cikinsu akwai suturta al'aura. Samari biyu a sahun baya suka kalli juna suka ƙunshe dariya. Da aka matsa musu, ɗaya ya ce, "Gafarta Malam, ai aura ba a ɓoye ta, nuna ta ake yi." Wata yarinya kuma ta ce ita ta ɗauka maganar aure za a shiga. Malam bai doki kowa ba. Ya kawo zancen gabanmu bayan sallar isha'i, muka yi dariya, daga baya kuma dariyar ta tsaya. Yaran nan ba rashin kunya suka yi ba. Kalma uku ce ta faɗa kunnensu da sauti kusan ɗaya, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya raba musu. To, bari mu raba, mu bi kowace zuwa inda ta fito.

Ta gida: aura, aure, amarya

Ta farko tamu ce, gadon kaka da kakanni. Muna cewa wane ya auri wance, ita ce wadda zai aura, an aurar da ita bara, aure ya yi albarka, aure ya mutu. Daga gare ta muka sami ma'aurata da auratayya. Muna da auren zumunci, da auren sadaka, da auren dole wanda malamai suka daɗe suna faɗa a kansa. Har gona kalmar ta shiga: itacen da aka haɗa masa reshen wani, kamar mangwaro, mai aure ake ce masa. Ma'anar dai ba ta wuce haɗa biyu su zama abu guda ba.

Mun sha jin wasu masu wa'azi, da kyakkyawar niyya, suna cewa wai aure daga al'aura aka samo shi, domin aure shi ke rufe al'aura. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka tarihin kalmar yake ba, kuma shaidar tana nan cikin masallacinmu. Ku saurari dattawanmu na Adar da Tawa da Sakkwato in za su sanar da biki. Ba "ɗaurin aure" suke cewa ba, "ɗamrin amre" suke cewa. Na wajen Katsina da Maraɗi kuwa za ka ji "arme". Su ne dai masu cewa zamna inda Bakano ke cewa zauna, sabka a maimakon sauka, abduga a maimakon auduga, sabro a maimakon sauro. Wani Bajamushe masanin harsuna, August Klingenheben, ya bayyana wannan ƙa'ida tun wajen 1928: a Hausar Kano da maƙwabtanta, harafin m ko b in ya zo ƙarshen gaɓa yakan narke ya koma u, mutanen yamma kuwa suka riƙe tsohon lafazi. Ke nan amre shi ne uba, aure ɗa ne. Kuma ko Bakanon da ya ce aure, in ya zo kan wadda aka kawo, amarya zai ce, da m ɗinta daram. Kun ga kalmar da asalinta amre ba ta da hanyar fitowa daga Larabcin da ba shi da m ko ɗaya a ciki. Larabawa nikahi suke cewa, ko zawaj.

Wannan ya kamata ya zama izina ga masu yi wa Ba'adare dariya in ya yi magana. Sau da yawa abin da ake ce wa Hausar ƙauye shi ne tsohuwar Hausa.

Ta littafi: al'aura

Ta biyu baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Larabcinta aura ne da harafin ain a gaba. Mu ba mu da ain a harshenmu, sai muka mayar da shi ɗan tsayawar murya, muka kuma haɗiye "al" ɗin Larabci ya zama jikin kalma, kamar yadda muka yi wa al'ada da alƙali da alƙalami da albasa da aljanna.

Tushen kalmar a Larabci yana nufin naƙasa ko ɓaraka. Mai ido ɗaya a'awar suke ce masa, kuma da wannan siffa hadisai suka siffanta Dujal. Aura kuwa ita ce kafar da aka bari a buɗe, wadda ake tsoron cuta ta shigo ta nan, ko a ganuwar gari, ko a sahun yaƙi, ko a gida. Da wannan ma'ana ta zo a cikin Suratul Ahzab, aya ta 13. A shekara ta 5 bayan hijira, da rundunoni suka kewaye Madina aka haƙa ramin Handaƙ, wasu suka je neman izinin Annabi (SAW) su koma gida, hujjarsu wai gidajensu a buɗe suke ba tsaro. Allah ya tona su, ya bayyana cewa gidajen ba a buɗe suke ba, gudu kawai suke nema. Ku duba fa, a nan ba jikin mutum ake zance ba, gida ne.

A Suratun Nur kalmar ta zo sau biyu. A aya ta 31 ta zo kan ƙananan yaran da ba su kai ga gane sirrin mata ba. A aya ta 58 kuwa lokaci aka kira da wannan suna, har guda uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar isha'i. An umarci masu hidimar gida da yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wa manya a waɗannan lokuta. Ashe al'aura ta fi ƙyalle faɗi. Gida yana da ita, lokaci yana da ita, jiki yana da ita. Duk abin da in ya bayyana mai shi zai ji kunya ko ya cutu, ya shiga ciki.

Malaman fiƙihu ne suka taƙaita ta ga jiki, saboda hukuncin salla da na kallo. Ta hannunsu ta iso gare mu. Tarihin Kano ya kawo cewa Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali da addini a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, kuma Shehu Magili ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Tun daga wancan zamani littattafan mazhabar Malikiyya suka riƙa samun gindin zama a zaurukanmu: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, da Muhtasar na Shehu Halil na Masar, sannan daga baya Ahalari na Abdurrahman al-Ahdari, mutumin ƙasar Aljeriya a ƙarni na 16, da Ishmawi da Iziyya. Malam ya karanta Larabci, ya fassara da Hausa kalma kalma, ɗalibi ya maimaita. Da aka zo kan wannan kalma, muna da tsiraici, amma tsiraici bai ɗauki iyakokin shari'a ba, sai aka bar ta da sunanta. Iyakokin da yaranmu ke haddacewa ke nan har yau: ta namiji daga cibiya zuwa gwiwa, ta mace duk jiki in ban da fuska da tafukan hannu. Manyan littattafan kuma suka raba ta biyu, mai tsanani da mai sauƙi, kowace da hukuncinta ga wanda ya yi salla ta bayyana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kafin jihadin 1804 da bayansa, ya yi ta faɗa kan yawo ba sutura da cakuɗuwar maza da mata, kamar yadda ya yi faɗa da mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Ba mu kaɗai muka ari kalmar ba. A Indunusiya da Malesiya aurat suke cewa, da ma'ana irin tamu. A Urdu da Indiyanci kuwa aurat ta zama sunan mace kanta, ko wace mace. Wani reshen tushen ya bi ta teku. Masu ƙamusun Faransanci sun ce kalmar avarie, wadda duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ya sani, wato ɓarnar da kaya ke yi a hanya, ta shigo musu ne daga fataken Italiya, su kuma suka ɗauko ta daga Larabcin da ke nufin kayan da suka naƙasa. Ke nan mai goron da ya buɗe huhu ya tarar ya lalace ya ce avarié, da malamin da ke biya Ahalari, saiwa ɗaya suke ja ba su sani ba.

Yadda biyun suka iso bakin ruwa

Hausawa ba jiya suka san ƙasar nan ba. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja sun san Salaga, sun san Bonduku. Da Bafaranshen nan Binger ya shiga Kong a 1888, ya tarar da unguwar marina Hausawa a gefen gari, ana ce mata Marabaso, wato unguwar Maraba, sunan da Julawa ke kiranmu da shi. Julawan nan kuwa dangin Wangarawan da suka kai wa Kano littafi ne. Da kakanninmu suka zauna cikinsu, sai suka tarar littafi ɗaya ake karantawa, mazhaba ɗaya ake bi. Shi ya sa auratayya ba ta yi wuya ba. Samori ya rushe Kong a 1897, ciniki kuma ya fara juyawa kudu, wajen Turawa da teku.

An fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan a 1904, ta kai Buwake a 1912, ta kai Wagadugu a 1954. Sunanta Abijan zuwa Nijar, amma ba ta taɓa taka Nijar ba, sai dai mutanen Nijar su suka riƙa tako ta. A 1934 Abijan ta karɓi babban birni daga Bingerville. Turawa suka zauna Filato a tsakiya, baƙar fata kuwa aka tura su gefe biyu: Ajame a arewa, da tsibirin da ke kudu, wurin da ake kira Anumabo, wanda aka sa wa suna Treichville don tunawa da Marcel Treich-Laplène. Da aka buɗe mashigar Biridi a 1950 manyan jirage suka fara shigowa, sai gari ya cika da 'yan ci-rani: 'yan dako, mahauta, masu tsire, masu tebur, masu goro. Jean Rouch ya ɗauki rayuwar samarin Nijar a Treichville a wani fim da ya fito a 1958, marigayi Umaru Ganda yana cikinsu. Har abincin da duk Abijan ke ci, acceke da soyayyen kifi, garba ake ce masa, sunan namu ne, saboda namu ne suka yi fice wajen sayar da shi.

Yawancin waɗanda suka zo da farko gwauraye ne da tuzurai. Wasu sukan tara kuɗi su koma gida su yi aure su baro matar can. Wasu sukan aiko a kawo musu amarya a mota, tafiyar kwanaki. Wasu suka auri 'ya'yan Julawa da na sauran kabilu, kuma da yawanmu jikokin wannan aure ne. Baƙon da ba shi da kowa, maigidan da ya sauke shi ko sarkin Hausawa shi ke tsaya masa. Sharuɗɗa dai ba su canza ba: waliyyi, da sadaki wanda mafi ƙarancinsa a wurin Malikiyya rubu'in dinari ne, da shaidu biyu adalai, da siga. Goron da ake rabawa a nan, shi ne kuma ake ɗaurawa a Anyama a loda a mota, a je a raba shi a ɗaurin auren Kano da Damagaram.

Sai dai birni ya zo da nauyin da ba mu sani ba a gida. Na farko, matsi. Gidan Bahaushe a can yana da zaure, da shigifa, da katanga, baƙo ba ya wuce inda aka tsayar da shi. A nan kuwa gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, iyali goma ko fiye, banɗaki na kowa da kowa, wani ma ɗaki ɗaya ne tal da mata da 'ya'ya, irin wanda ake ce wa entrer-coucher. A irin wannan zama ayar neman izini sau uku ta fi zama wajibi a koya wa yara fiye da ko'ina. Labule tsakanin shimfiɗar iyaye da ta yara, da sallama kafin a ɗaga shi, da zane mai kyau a hanyar wanka, duk aiki ne da aya.

Na biyu, doka. A ranar 7 ga Oktoba 1964 Kodebuwa ta kafa dokar aure wadda ba ta san kowane aure ba sai wanda aka ɗaura gaban jami'in hukuma a ma'aikatar magajin gari, kuma mace ɗaya ta yarda da ita. An yi wa dokar gyare-gyare, har da na 2019, amma wannan tushe yana nan. Auren masallaci ingantacce ne a wurin Allah, ba mu da shakka. Amma mun ga abin da ke faruwa ranar da maigida ya faɗi. Mun ga matar da ta yi shekara talatin a ɗakin miji, aka zo maganar gida ko kuɗin ajiya ko fansho, aka ce ta kawo takarda, ba ta da ita. Mun ga yaran da ba a yi musu takardar haihuwa ba, suka kai ajin jarrabawa aka tsayar da su. In muka koma ga ma'anar farko ta kalmar Larabci, gidan da aka bari haka shi ne gidan da ke da kafa a buɗe, kuma wannan karon da gaske ne, ba irin ta masu gudun Handaƙ ba.

Ta waya

Ta uku ita ce wadda ta sa samarinmu dariya. Ba ta da dangantaka da biyun farko ko ta nesa. Asalinta Girkanci ne da Latin, ma'anarta iska mai laushi. Likitocin Girka ne suka fara ba ta wani aiki. Jalinusu, wanda likitocin Musulmi suka karanta littattafansa sosai, ya yi amfani da ita tun ƙarni na 2 ga alamar da mai farfaɗiya ke ji kafin ciwon ya kayar da shi, kamar wata iska tana hawa jikinsa. Har gobe likitoci suna nan a kan wannan. In kun kai mara lafiya babban asibitin Treichville saboda farfaɗiya ko ciwon ɓarin kai, likita ya tambaya ko yana jin aura, abin da yake nufi shi ne walƙiya a ido, ko wani wari, ko wani ji a ciki da ke riga ciwon zuwa. Ku amsa masa dalla-dalla, yana taimaka masa wajen magani.

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, wasu masu bin ruhaniyanci a Turai da Amurka suka ɗauke ta suka ce wai kowane mutum yana da wani haske mai launi da ke kewaye da jikinsa, wanda masu buɗaɗɗen ido ke gani su karanta halinsa da lafiyarsa. Wani likita a Landan, Walter Kilner, har littafi ya fitar a 1911 yana cewa ana iya ganinsa ta gilashi mai rini. Binciken kimiyya bai tabbatar da wannan ba. Mu kuwa mun san shi da wata riga. Wanda ya ce zai dubi haskenka ya gaya maka abin da ke ɓoye ko abin da zai same ka, ɗan duba ne, ko da Faransanci ya yi magana, kuma hukuncin zuwa wurinsa sananne ne.

Daga nan kalmar ta sauko cikin maganar yau da kullum, Faransanci da Turanci, da ma'anar cika ido. A 2024 samari a TikTok suka mayar da ita wasan lissafi: ka yi abin burgewa an ƙara maka maki, ka yi tuntuɓe gaban mutane an zabge maka. A 2025 hoton wani yaro ɗan Indunusiya da ke rawa a goshin kwalekwalen tsere ya zaga duniya, aka ce ga mai tara aura. Abin da yaranmu ke nufi ke nan. Ƙari a kan haka, ɗan lakwal yana haddace il aura, wato zai samu, tun yana ƙaramin aji. Kun ga kunnen yaro ya cika da wannan sauti kafin ya zo gaban Malam.

Shin muna da abin da suke nufi a Hausa? Muna da shi, har ya fi nasu yawa. Muna da kwarjini, muna da haiba wadda muka aro daga Larabci, muna da farin jini, muna da cika ido. Bambancin shi ne, a wurinmu ba a cewa mutum ya tara kwarjini, sai dai a ce Allah ya ba shi. Ƙarshen Suratul Fathi ya siffanta sahabbai da cewa ana gane su da alama a fuskokinsu saboda sujada. Duk mun san dattijon da in ya shigo masallaci hayaniya ke mutuwa, ba shi da mota, ba shi da mabiya a waya. Wanda ya fita neman kwarjini da gangan kuwa, riya muke ce wa abin da ya samo.

Abin da ke kanmu

Mun ce aure bai fito daga al'aura ba, kuma muna nan a kan haka, don bai kamata a gina wa'azi a kan tarihin da ba shi da tushe ba. Yaron da ya girma ya gano an yi masa ƙari a ƙaramin abu, zai yi shakkar babban. Alaƙar da ke tsakaninsu ba ta buƙatar a ƙirƙira mata asali, tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 187, inda aka kamanta miji da mata da tufa, kowane yana suturta ɗan'uwansa. Wannan ya ishe mu hujja.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Malamanmu, in an zo kan kalma irin wannan, a tsaya a tambayi yara me suka fahimta kafin a wuce, domin da yawansu Faransanci da Julanci sun fi Hausa ƙarfi a bakinsu. Iyaye, a riƙa yi wa yara Hausa a gida, ta Kano ce ko ta Adar, duk dukiya ce, kuma a san abin da suke kallo a waya. Magidanta kuma, duk wanda aurensa bai da takarda, ko yaransa ba su da ta haihuwa, ya nemi masu sanin doka su nuna masa abin da zai yiwu a halin da yake ciki, ya kuma rubuta wasiyya da bashi da abin da ya mallaka tun yana da lafiya.

Samarin nan biyu dai sun dawo aji. Malam ya sa su rubuta kalmomin uku a allo, kowace da inda ta fito, ɗaya daga cikinsu kuma ya je ya tambayi kakarsa, ta tabbatar masa ita amre aka yi mata a Tawa kafin a kawo ta Ajame.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya sanya albarka a aurenmu da zuriyarmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, wanda ya gani ya gyara mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.